Gayyar da Ta Daɓe Mini Lambu

Ni dai ban roƙi kowa ya taimake ni ba. Wannan nake so a fara riƙewa, domin duk wanda na kai wa kukana a ƙauyen nan, abin da yake fara ce mini shi ne, "Haba Nana Osang, ai taimakonki aka yi." To ban roƙa ba. Ina kwance a asibitin birnin Bigan da ƙarfe a ƙugu, ko fitsari sai an ɗaga ni, ina na ga bakin roƙon wani ya shiga mini lambu?

Sunana Eufrosina, amma tun ina yarinya Osang ake ce mini. Burodi nake gasawa. Tanderuna na bulo yana bayan gida, mijina Ambo ne ya gina shi da hannunsa kafin ya rasu, kuma babu gida a ƙauyen nan da ba a tsoma pandesal ɗina, ƙananan burodin nan namu, a kofi da safe ba. Ban shiga aji ba ko na yini ɗaya. Abu biyu na sani a duniya, kwaɓi da ƙasa, kuma a wurina duk abu ɗaya ne.

Bayan tanderun akwai fili, bai kai rabin gonar kowa ba. Lokacin da muka same shi laka ce zalla, in rani ya yi sai ta dare har ƙafar akuya ta faɗa ciki. Duk ƙauyen shinkafa ake nomawa, mu muka ce kayan miya za mu yi. Magudanar ban ruwa ta bi ta saman filin, sai Ambo ya tayar da jinga tsakaninmu da ita don kada ruwa ya shigo mana. Daga nan muka fara ciyar da ƙasar. Tokar tanderu kullum. Buntun shinkafa. Ganyen ayaba, ƙayar kifi, burodin da ya kwana ya yi funfuna. Kashin ɓauna kuwa, da kwando a ka nake bin bayan ɓaunayen noma na mutane, matan ƙauye suna ce mini matar da ta auri ɓauna. Shekara talatin da ɗoriya ina wannan. Ban taɓa taka ta tana jiƙe ba. Katako na shimfiɗa tsakanin kunyoyi, kuma 'yata Erlinda ta sha murɗar kunne a kan sauka daga katakon nan.

Wanda bai sa hannu a cikinta ba ba zai gane ba, amma bari in gwada. Ka ɗauki pandesal mai kyau ka yage shi biyu. Cikinsa ba a cure yake ba. 'Yan ɗakuna ne ƙanana birjik, kowanne da iskarsa, bangon kowanne siriri amma yana riƙe da na kusa da shi. Ka matsa shi, ya taso. Ka tsoma shi a kofi, ya sha ya riƙe, bai narke ba. To haka ƙasata take. Ka tura hannu har wuyan hannu babu fartanya, ka ɗebo, ta marmashe a tafinka ɓurɓushi-ɓurɓushi kamar garin burodin da nake birgima kwaɓi a ciki, baƙa wuluk, tana ƙamshi, tana cike da tana. Ruwan sama in ya zuba ba ya kwanciya, shigewa yake. Citta takan yi yatsu kamar hannun ƙato. Gauta, kuɓewa, garahuni, tumatir, rani da damina ban taɓa sayen kayan miya ba, sai dai a saya a wurina.

Masu shinkafa kuwa gaba suke da irin wannan ƙasa. A wurinsu ɓarauniyar ruwa ce. Abin da suka iya shi ne su cika fili da ruwa, su shiga da ɓauna ko inji su tattake, su dama, su sake damawa har ta zama kunu, duk wata kafar iska ta toshe, ƙasan ya zama daɓe yadda ruwa zai tsaya. Ban ce laifi ba ne. Shinkafa haka take so, ni ma ita nake ci. Sai dai su sun ɗauka duk ƙasar da Allah ya shimfiɗa haka take so.

Farkon damina na zame a bakin tanderu da faranti a hannu, ƙashin ƙuguna ya karye. Daga asibiti aka kai ni gidan yayata a Bigan don kusa da likita. Erlinda takan zo duba ni. Duk zuwa sai na tambaye ta, "Lambu fa?"

"Nanang, ki ji da ƙafarki. Delfin yana kula da shi."

Nanang, haka ake kiran uwa a wurinmu. Delfin kuwa mijinta ne. Mutum ne mai ladabi, irin ladabin da ke sa ka ji kamar ka kwaɗa masa mari. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai kuma taɓa jin maganata ba.

Sai bayan girbi likita ya sallame ni. Babur mai kwando a gefe ya sauke ni a ƙofar gida, na tarar da mutane cike kamar ana biki. An yanka akuya, an dafa taliya a babbar tukunya. Delfin ya taho da sauri ya kama hannuna ya ɗora a goshinsa yadda yara ke yi wa manya, na sa masa albarka, ban san komai ba. Aka shigar da ni ɗaki don in ga buhunan shinkafa jibge har kusa da taga. Kapitan Tibo, shugaban ƙauyenmu, ya gyara murya ya yi jawabi.

"Nana Osang, da kika kwanta ciyawa ta rufe lambunki. Surukinki ya ce ba zai zuba ido ƙasar uwarsa ta zauna banza ba. Ya kira gayya, babu wanda ya noƙe. Mai inji ya kawo inji, mai ɓauna ya kawo ɓauna, mata suka yi dashe. Ga abin da Allah ya ba ki, ko ƙwaya ɗaya ba a taɓa ba."

Aka yi tafi. Kowa ya zuba mini ido yana jira in fashe da kukan godiya. Na ce a miƙo mini sandata.

Na zagaya bayan tanderu ina jan ƙafa, suna biye da ni. Babu kunya ko ɗaya. Babu katakona. Fili ya baje sumul kamar faranti, sai kututturen shinkafa. An fasa jingar Ambo an yi wa ruwa baki. Itatuwan zogalen da ke gefe sun yi rawaya sun zubar da ganye, ruwa ya shaƙe musu saiwa. Baƙar ƙasata ta sama, wadda na yi rabin rayuwata ina tarawa, an kankare ta an tayar da sabuwar jinga da ita kewaye da filin, ga sawun ƙafafu a kai, hanya ta zama. Na buga sanda a ƙasa, ta ce ƙwas kamar na bugi siminti. Na zura bakin sandar cikin wata tsaga na ɓalle hoge, aka miƙo mini. Nauyi kamar dutse, fari-fari, santsi kamar sabulu, babu kafa ko ta allura.

Tata Inggo, wato Baba Inggo, ne ya fara magana, tsohon da na fi kowa kwashe kashin ɓaunarsa. Ya washe baki, haƙoransa da suka rage duk a waje.

"Kai Osang, ƙasar nan taki ta ba mu wuya! Kwando ce, ana zuba ruwa tana shanyewa. Muka bi ta da inji, muka sake bi, ɓaunata ma sai da ta shiga ta yi yini tana tattakawa, sannan ta yarda ta riƙe ruwa. Amma mun gyara miki ita. Yanzu ko tafki ba zai nuna mata riƙon ruwa ba."

Na ce, "Inggo, Allah ya kawo wanda zai gyara maka huhunka haka."

Suka kwashe da dariya, sun ɗauka wasan tsofaffi ne. Sai da na jefa hogen a bangon tanderu, bai ko fashe ba, bulo ne ya ɓantare, sannan dariyar ta tsaya. Abin da na faɗa bayan nan ba zan maimaita duka ba. Na ce musu jakuna. Na ce su kwashe akuyarsu da taliyarsu su fice mini daga gida. Erlinda ta riƙe mini hannu tana raɗa, "Nanang, mutane na kallo."

"Su kalla mana. Da suna tattake ta ba a kallo suka yi ba?"

Duk da haka na gwada, kada a ce ban gwada ba. Na sa aka sara mini gefe guda da diga, ta tashi hoge-hoge kamar fasasshen tulu. Na shuka kuɓewa. In na zuba ruwa sai ya kwanta a sama yana kallona, in ya bushe sai ƙasar ta yi ɓawo, tsiro ya kasa huda shi. Cittar da na binne ta ruɓe ta yi ɗoyi. Na tona na tona ban ga tana ko ɗaya ba.

Sai na tafi zauren ƙauye na ce na kawo ƙara. Kapitan Tibo ya cire tabarau ya shafa fuska.

"Nana, ƙarar wa?"

"Duk wanda ƙafarsa ta shiga lambuna."

"Ai har da ni ke nan. Ni na fasa bakin ruwan."

"To har da kai. Rubuta sunanka a farko."

"Nana, a ƙasar nan an taɓa kai ƙarar gayya? Mutum ya bar gonarsa ya zo ya yi miki aiki kyauta, rana na dukansa. In kika yi haka, gobe wa zai fito in rufin wani ya faɗi?"

Na ce ba rufi ya faɗi ba. Na faɗa masa abin da nake nema, kuma ba kuɗi ba ne, babu kuɗin da ke sayen abin da aka kashe. A toshe bakin ruwan. A rushe sabuwar jingar a mayar mini da baƙar ƙasata inda take. Yadda aka yi gayya aka ɓata, a yi gayya a gyara, kowa da kwandonsa na kashin ɓauna da buntu, rani da damina, har ranar da hannu zai sake shiga. Sannan Delfin ya tsaya gaban mutane ya ce da bakinsa, "Na ɓata ƙasar nan." Kapitan ya ga ba zan tashi daga bencin ba, ya sa rana.

Na san mutanena. Magana ba ta shiga kunnensu sai ta bi ta baki. Don haka ranar zaman na yi kwaɓi guda, fulawa ɗaya, yis ɗaya, na bar shi ya tashi, na raba biyu. Rabi na yanka na birgima a gari na gasa yadda na saba. Ɗaya rabin na jefa a turmi, na kwara masa ruwa, na sa taɓarya na daka har ya zama kunu, na sake dakawa, na zuba a faranti na gasa nan take. Ya fito a kwance, nauyi kamar tubali. Na yayyanka da ƙyar. Na jera masu taurin a ƙasan kwando, masu kyau a sama, na rufe da ganyen ayaba.

Zauren yana da matakala, ni kuma ƙafa ɗaya ce mai aiki. Ina isa Delfin ya sauko da gudu.

"Nanang, kawo kwandon, kada ki faɗi."

Kafin in buɗe baki ya karɓe ya haye. Ni kuwa na bi matakalar ɗaya bayan ɗaya kamar kunkuru. Lokacin da na kai sama an riga an buɗe kwandon, an zuba kofi, kowa da pandesal a hannu yana taunawa. Sun ɗauka tsohuwa ta huce ta kawo abin sulhu. Masu kyau duk sun ƙare, sai rabi da ya rage a hannun Kapitan. Na fizge shi daga hannunsa. Na ciro mai tauri ɗaya na ajiye su gefe da gefe a kan tebur.

"Ku duba. Fulawa ɗaya ce, hannu ɗaya, wuta ɗaya. Wannan na bar masa iskarsa. Wannan kuwa na yi masa abin da kuka yi wa ƙasata. Ga shi nan, ku ci."

Na ga Delfin ya ɗauki mai taurin yana juyawa a hannu, yana dubawa, har na ce a raina ga shi nan ya fara gani. Sai Inggo ya miƙa hannu cikin kwando ya ɗauki mai tauri guda ya kai baki.

"Wayyo haƙorina! Osang, guda nawa suka rage mini da za ki ƙarasa su?"

Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Ya tsoma shi a kofi, ya danna da yatsa, ya jira, ya ciro yana ɗiga, ya tura a baki.

"Ai ga shi ya yi laushi! Ruwa kawai yake so. Ƙasarki ma haka, a sakar mata ruwa ki ga yadda za ta kwanta."

Zauren ya ɗauki shewa, har da masu buga tebur. Na ce, "Laushi ya yi ko caɓi ya zama, kai tsohon banza?" Babu wanda ya ji ni. Kowa ya ɗauki nasa yana tsomawa a kofi don a ga gwaninta.

Kapitan ya buga cokali a kofi, aka yi shiru.

"Nana, bari in tambaye ki. Filinki ya ragu ko da taku ɗaya?"

"Bai ragu ba."

"An ɗauki ƙasa an kai wani wuri?"

"Tana nan, kuna tafiya a kanta."

"Shinkafar da ta fito, wani ya ci miki?"

"Ban ce a shuka ba."

"To me aka sace?"

"Iskar da ke cikinta."

Ya dube ni, ya dubi mutane, ya yi ƙoƙarin riƙe fuska ya kasa. "Iska, Nana? Ƙarar iska kika kawo mini?"

Wani daga baya ya ce a aika a kamo ta a buhu. Wata ta ce ai kowa yana shuka tafarnuwa bayan shinkafa kuma tana fitowa. Na ce mata, "Tana fitowa da takin buhu, kamar mara lafiya da ƙarin ruwa. Kin taɓa ganin na sayi takin buhu?" Ta murguɗa baki.

Aka ce Delfin ya yi magana. Ya miƙe, hula a hannu, kai a sunkuye.

"Nanang, in na ɓata miki rai ki yafe mini."

"Ba raina ka ɓata ba, ƙasata ka ɓata. Faɗi haka."

"Nanang, wallahi da alheri na yi."

"Ban tambaye ka da me ka yi ba. Ka ce, na ɓata ƙasar."

Ya ɗago ya dube ni, kuma na ga ba taurin kai ba ne, iyakar abin da ya sani ke nan. "Nanang, yaya zan ce na ɓata abin da ya ba da shinkafa? Ban taɓa ganin fili ya yi zangarniya irin ta wannan ba."

"Ƙashina ka girbe, ɗan nema. Shekaruna ne suka yi maka zangarniya. Shuka bana, shuka baɗi, ka ga abin da zai rage."

Nan Erlinda ta miƙe. Ita ce ta ƙarasa ni, 'yar da na haifa. Ba ta dube ni ba, Kapitan ta duba.

"Kapitan, likita ya ce kada ta ƙara durƙusawa, kada ta ƙara ɗaukar kaya a ka. Ko an mayar mata da ƙasar, wa zai yi lambun? Ni ina da yara, Delfin shinkafa ya iya. In ta sake faɗuwa mu ne da ɗauka."

Kowa ya gyaɗa kai. Na ce, "Da gindi zan ja in yi. Ruwanki?" Amma an riga an gama. Kapitan ya yanke cewa babu wanda ya yi laifi, alheri aka yi, sai dai an yi kuskure da ba a tambaye ni ba. Za a bar mini gefen tanderu, wuri kamar shimfiɗar tabarma biyu, in yi wasa da ƙasa in ina so. Wasa ya ce. Sauran filin Delfin ya ci gaba da shinkafa, amfanin duka nawa ne. Ya ce a yi sulhu a tashi.

Delfin ya matso ya sunkuya, ya miƙo hannu zai kama nawa ya kai goshi. Na janye hannuna na cusa a hammata. Ya tsaya a sunkuye, hannu a miƙe, kamar mai jiran sadaka. Na ji mata sun ja numfashi, wata ta kira sunan Maryamu. Na ɗauki sandata na sauka matakalar ni kaɗai, babu wanda ya ce zai riƙe ni.

Daga ranar maganar ƙasa ta mutu a ƙauyen. Maganar da ta rage ita ce tsohuwar da ta hana surukinta albarka a gaban jama'a. Har Fada ya taɓo zancen yafiya a coci yana kallon inda nake zaune. Masu taurin da suka rage a kwando kuma aka kwashe aka bi gida-gida da su ana nunawa. Ba a ce da gangan na yi su ba. Cewa aka yi tun da Nana Osang ta faɗi hannunta ya lalace, kanta ma ya taɓu. Masu zuwa bakin tanderu da safe suka fara raguwa. Yanzu motar birni suke jira, mai kawo burodin leda, wanda in ka matsa shi sai ya manne kamar auduga jiƙaƙƙiya, iska ce kawai babu bango. Shi suke tsomawa a kofi.

Ranar da za a saki ruwan noman rani na tashi da sassafe na ja ƙafa zuwa inda aka fasa jingar Ambo. Na zauna a cikin bakin, na cika shi da jikina, na gicciya sanda a cinya. Suka zo da shebur da inji suka tarar da ni. Ruwan magudana ya riga ya taru a bayana, sanyinsa yana shiga ƙarfen ƙuguna.

Inggo ya ce, "To fa! Yau an samu toshiya mai magana."

Na ce, "Matso in nuna maka mai duka."

Delfin ya durƙusa a gabana. "Nanang, sanyi zai kama miki ƙafa. Don Allah ki tashi."

"Ka faɗi maganar in tashi."

Bai faɗa ba. Sai ya sa hannu ɗaya a bayana, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyina, ya ɗaga ni cak kamar jaririya, a hankali, yana kiyaye ɓangaren da ya karye. Na buga masa sanda a kafaɗa, na sake bugawa, bai sauke ni ba. Ya kai ni inuwar tanderu ya zaunar da ni a kujera, ya cire rigarsa ya rufa mini a ƙafa. Ina jin matan da suka zo dashe suna cewa, "Kai, Allah ya ba mu suruki irin wannan." Na sha zagi a rayuwata, na sha talauci, na binne miji, amma ban taɓa jin wulaƙanci irin na ɗaukar nan ba.

Daga kujerar na ga ruwa ya shiga. Bai nutse ba ko kaɗan, shimfiɗuwa ya yi yana sheƙi har ƙarshen fili. Aka tayar da inji. Kafin rana ta take, ruwan ya tsattsafo ta ƙarƙashin 'yar jingar da suka yi wa tabarmata biyu, ya kwanta a kan tokar da na fara zubawa. Ruwa ina ruwansa da hukuncin Kapitan.

Kapitan ɗin ya zo wucewa a kan babur, ya tsaya ya gaishe ni kamar babu komai.

Na ce, "Litinin ina zaurenka."

"Haba Nana, ai an gama wannan shari'ar."

"Kai ka gama."

Tun daga nan duk Litinin ina can. Nakan ɓallo hoge ɗaya daga busasshen gefe in sa a kwando, in hau matakalar, in ajiye masa a kan tebur, in zauna a benci har a tashi. Ba na zagi yanzu, tambaya kawai nake: a toshe bakin ruwa, a mayar mini da ƙasata, a faɗi maganar. Yakan ce, "Na ji, Nana," ya ci gaba da rubutunsa. An ce akwai waɗanda suka fi shi a birni, masu duba sha'anin noma. In wani ya san ƙofarsu ya nuna mini, zan je ko da rarrafe. Abin da ke ci mini rai shi ne ba ni da ko tafi ɗaya na tsohuwar ƙasar da zan ajiye musu a gefen wannan su gani, sai bakina kawai, bakin tsohuwar da aka ce kanta ya taɓu.

Litinin ɗin da ta wuce da na kai saman matakala, sai sandata ta bugi wani abu a bakin ƙofa. Na duba. Hoge ne, ɗaya daga cikin waɗanda nake ajiye wa Kapitan a tebur. Ƙofar zauren tana yawan bugawa, sai suka tare ta da shi. Yarinyar da ke shara ta ce mini ya fi dutsen da suke sawa da, don shi ba ya gangarawa.